In Sana'a Ta Girma, Kiyayewa Ma Ta Girma

Darasi don manyan ɗalibai

Jama'a, darasinmu na yau a kan sana'a ne, da lafiyar masu yin ta.

Kowa yana so sana'arsa ta ci gaba. Mai injin niƙa ɗaya yana so ya sami biyu. Mai gidan burodi yana so ya ƙara tanderu. Mai walda yana so ya ƙara yara. Mai buga bulo yana so ya sayi inji, ya huta da bugun hannu. Wannan buri ne mai kyau, muna kuwa yi wa kowa fatan alheri.

Amma akwai abu guda da akan manta. In sana'a ta girma, haɗarinta ma girma yake yi. Inji ya ƙaru, mutane sun ƙaru, ƙura ta ƙaru, man fetur ya ƙaru. In ba a ƙara kiyayewa ba, wata rana sai a yi kuka.

Ku dubi rigar yaro. An ɗinka masa ita yana ɗan shekara biyar, ta yi masa daidai. In ya kai shekara goma sha biyu, za ta shige shi? Ba za ta shige shi ba. Ba rigar ce ta lalace ba, yaron ne ya girma. Haka dokokin kiyaye lafiya suke a wurin aiki. Waɗanda suka ishi mutum biyu ba za su ishi mutum goma ba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

1. MISALIN WANI MAI INJI

Bari mu fara da misali. Misali ne kawai, amma duk wanda ya zauna kusa da gidan inji ya san irinsa.

Wani mutum ya sayi injin niƙa guda ɗaya, ya kafa shi a rumfa a bakin kasuwa. Shi da ƙanensa kaɗai ke aiki. Ya san injin nan kamar yunwar cikinsa. In ƙararsa ta sauya, ya ji. In bel ya yi sako-sako, ya gani. Kullum da safe yakan duba mai, ya duba ruwa, ya ɗaure noti. Har shekara biyu ba wanda ya yi ko ƙwarzane.

Allah ya sa wa abin albarka. Ya ƙara inji na biyu. Ya sayo injin casar shinkafa, ya sayo janareta, ya ɗauki yara shida. Rumfa ta yi kaɗan, aka ƙara ta da kwano da zana. Buhuna suka yi yawa, aka jibge su a ƙofar baya har ta toshe. Jarkokin mai kuwa aka ajiye su a gindin janareta, don kada a sha wahalar ɗaukowa.

Shi kuma maigida yanzu ba ya zama. Yau yana ƙauye sayen shanshera, gobe yana birni neman kayan gyara. Kowa yana zaton wani ne ke duba inji. Ashe ba mai dubawa.

Ran nan bakanike ya zo gyara. Ya cire ragar ƙarfen da ke rufe bel, ya jingine ta a bango. Ya gama aikinsa, ya karɓi kuɗinsa, ya tafi. Ba wanda ya mayar da raga. Har wani ya ce gara haka, in bel ya zame an fi saurin mayarwa.

Bayan sati biyu aka ɗauki sabon yaro. Ranar kasuwa ce, aiki ya yi yawa, ba wanda ya sami sukunin koya masa kome. Aka ce, "Kai, tsaya nan ka riƙa zuba hatsi." Can wajen azahar bel ya zame. Yaro ya ga yadda manya suke yi, yana kuma so a yaba masa. Ya sa hannu zai mayar da bel, inji kuwa yana gudu. Hannun rigarsa ya shiga, ya ja hannun. Kafin a kashe inji, yatsu uku sun tafi.

To, mu yi lissafin hasara. Ga kuɗin mota zuwa asibiti, ga kuɗin magani. Inji ya kwana huɗu a rufe, masu kawo niƙa sun koma wani wuri. Iyayen yaro da maigida, da suke zaman mutunci, sun koma gaban alƙali. Mafi girma duka, ga saurayi ɗan shekara goma sha takwas ba zai ƙara riƙe fartanya kamar da ba. Ragar nan kuwa da aka jingine a bango, mayar da ita bai fi aikin minti goma ba.

Ina kuskuren yake? Maigidan nan ba mugu ba ne. Abin da ya yi shi ne, ya riƙe wurin mutum takwas da tsarin wurin mutum biyu. Da can idonsa ne doka. Da idon ya tafi, ba a sa wani abu a madadinsa ba.

2. ABIN DA YA AUKU A ZAMFARA

Wancan misali ne. Wannan kuwa labari ne na gaskiya, a ƙasarmu ya auku.

Mutanen yankin Anka da Bukkuyum, cikin Jihar Zamfara, manoma ne, waɗansunsu kuma suna taɓa neman zinariya. Daga wajen 2008 kuɗin zinariya ya tashi ƙwarai a kasuwannin duniya. Sai aikin ya bunƙasa. Aka riƙa haƙo duwatsu ana kawo su cikin gari. Aka riƙa farfasa su, ana niƙa su da irin injin da ake niƙa hatsi. Har a cikin gidaje ana dakan dutse a turmi, ana shanya garinsa a tsakar gida.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, akwai dalma mai yawa a cikin duwatsun nan. Dalma kuwa guba ce. Ƙurarta ta bi iska, ta sauka a ƙasa, da kan abinci, da kan tabarmi. Ƙananan yara a ƙasa suke wasa, kome suka taɓa sai baki. Sai suka fara amai, da ciwon ciki, da jijjiga. Da fari an zaci zazzaɓin cizon sauro ne, ko sanƙarau. Cikin watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan mutuwar yara a ƙauyukan. Aka gwada jini, aka ga dalma ce. Yara fiye da 400 suka rasu. Dubbai kuma aka yi musu magani. Cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda dalma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, ta bar su da nakasa.

Gyaran ya ci wahala da kuɗi mai yawa. A ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Abare, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka kwashe, aka zubo sabuwa. Na Bagega sai 2013 aka yi. Aka mai da niƙan dutse bayan gari. Aka koya wa ma'aikata su jiƙa dutse da ruwa don ƙura ta kwanta, su yi wanka su sake tufafi kafin su koma gida. Duk da haka, a 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a yankin Rafi, cikin Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Ku lura da abu uku. Na ɗaya, haɗarin wurin aiki ba ya tsayawa kan ma'aikaci, yakan bi shi har ɗakin matarsa. Na biyu, in aka juya inji ga sabon aiki, to, an sayo sabon haɗari, tilas a tambayi waɗanda suka sani. Na uku, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

3. ABIN DA DOKA TA CE

Gwamnati ba ta bar wannan al'amari haka kawai ba. Akwai Dokar Masana'antu ta 1987, tana nan tana aiki. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke lura da ita. Tana da sufetoci, watau masu duba wuraren aiki, doka kuma ta ba su iko su shiga masana'anta su duba, da rana ko da dare. Kada mutum ya ce ai wannan ta manyan kamfanonin birni ce. In wurinka ya kai ana aiki da inji, kana kuma biyan mutane lada, to, tafi ofishin ƙwadago na jiharku ka tambaya inda ka tsaya. Ga kaɗan daga cikin abin da dokar ta ƙunsa:

Na ɗaya, a yi wa masana'anta rajista. In an sauya wani abu daga cikin abin da aka faɗa ranar rajista, a sanar da hukuma.

Na biyu, wuri ya zama da tsabta, da iska, da haske, da magudanar ruwa, da bayan gida. Kada a cusa mutane fiye da kima.

Na uku, kowane sashen inji mai haɗari a rufe shi da kariya mai ƙarfi. Bel, da abin da ke juya shi, da haƙoran inji, duk suna ciki.

Na huɗu, kada a sa sabon shiga kan inji mai haɗari sai an koya masa, an gaya masa inda haɗarin yake, ko kuwa gwani yana tsaye a kansa.

Na biyar, a tanadi ruwan sha, da wurin wanke jiki, da akwatin taimakon farko. In ma'aikata sun wuce 150, a ƙara akwati.

Na shida, inda ake ƙura ko hayaƙi mai cutarwa a yi hanyar fitar da su. A ba ma'aikata kayan kare jiki da na kare ido.

Na bakwai, in haɗari ya kashe mutum, ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku, a rubuta wa sufeto.

Na takwas, a tanadi kayan kashe gobara da hanyar gudu. Kada a kulle ƙofa yadda na ciki ba za su iya buɗewa ba.

Wannan na takwas, kada ku raina shi. Cikin watan Satumba na 2002 gobara ta tashi da dare a wata masana'antar roba a Ikorodu, cikin Jihar Legas. Ma'aikata masu yawa suka ƙone a ciki, aka kuma ba da labari ƙofofin fita a kulle suke. Irin wannan ya taɓa aukuwa a birnin New York na Amurka a 1911, inda mutum 146 suka mutu a wata masana'antar ɗinki. Wanda ya kulle ƙofa don gudun ɓarawo, ya tuna wuta ta fi ɓarawo ɓarna.

Har wa yau Dokar Ƙwadago ta hana sa yaron da bai kai shekara 15 ba aiki a masana'anta. Ko ɗanka ne, ko ɗan ƙanenka, gidan inji ba wurin wasansa ba ne.

4. MAGANAR DIYYA

Akwai kuma Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010. Ita ce ta maye tsohuwar dokar diyya. Wanda bai san da ita ba yana nan yana aiki da tsohon labari. Wannan ya nuna mana doka ma takan sauya, tilas a riƙa tambaya.

Ga yadda take. Akwai asusu a hannun hukumar da ake kira NSITF. Mai ɗaukar ma'aikata yakan zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya kowane wata. Daga aljihunsa zai biya, doka ta hana a yanka daga albashin ma'aikaci. In ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki, ko aikin ya sa masa cuta, ko ya rasu, daga asusun nan za a biya shi ko magadansa.

Bari mu yi lissafi. Mutum yana da ma'aikata 8, kowanne yana karɓar naira 60,000 a wata. Jimla naira 480,000 ke nan. Kashi 1 cikin 100 na wannan shi ne naira 4,800. To, ku gwada wannan da kuɗin jinyar mutum ɗaya da inji ya ci hannunsa. In ma'aikata suka ƙaru, jimlar albashi ta ƙaru, abin zubawa ma sai a gyara shi.

Ku riƙe lambobi biyu. Ma'aikacin da ya ji rauni, shi ko danginsa, su sanar da maigidan aiki cikin kwana 14. Maigidan aiki kuma ya sanar da hukuma cikin kwana 7. A yi shi a rubuce, a ajiye kwafi.

5. YAUSHE ZA A SAKE DUBAWA?

Kiyayewa ba aikin rana ɗaya ba ne. Kamar noma ne, ka yi na fari, ciyawa ta sake fitowa, sai ka yi maimai. Akwai lokatai biyar da lalle ne a tsaya a sake duba kome.

In an sayo sabon inji. A tambayi mai sayarwa: ina yake cizo, yaya ake kashe shi da sauri? A nuna wa kowa abin kashewa, har mai shara. Janareta kuwa a waje ake ajiye shi, nesa da taga. Cikin hayaƙinsa akwai wata iska mai guba, ba ta da launi ba ta da wari, takan kashe mutum a rufaffen ɗaki yana barci.

In an ɗauki sabon ma'aikaci. Ranar farko ta koyo ce, ba ta aiki ba. A zaga da shi, a nuna masa ƙofofi, da akwatin magani, da inda ba a sa hannu. A sa shi ya maimaita da bakinsa.

In an ƙara gini. A duba hanyar fita, da iska, da wayar lantarki. Wayar da aka ja don ƙwai uku ba za ta ɗauki inji uku ba, zafi za ta yi ta kama wuta. Harsashin da aka yi don bene ɗaya ba zai ɗauki uku ba. A ƙasar Bangaladash akwai wani gini mai suna Rana Plaza. Aka ƙara masa benaye, aka ɗora masa manyan janareta. Bango ya tsage, aka gani, amma aka ce masu ɗinki su koma aiki. Kashegari, ran 24 ga Afrilu 2013, ya rushe, mutum fiye da 1,100 suka mutu.

In an kawo sabon abin aiki, kamar maganin ƙwari na adana hatsi, ko fenti, ko tukunyar gas. A karanta abin da aka rubuta a jikinsa tun daga farko har ƙarshe. Kada a juye magani a kwalbar lemo. Kada mutum ya kwana a ɗakin da aka sa wa hatsi magani.

In an yi haɗari, ko an kusa yi. Buhu ya faɗo bai sami kowa ba, kada a yi dariya a wuce. Gargaɗi ne kyauta. Yau a ƙasa ya faɗa, gobe a wuyan wani.

6. ZAGAYEN DUBA DA LITTAFINSA

In maigida ba ya zama, to, ya naɗa mutum guda wakilin kiyayewa. A faɗi sunansa a gaban kowa. A ba shi iko ya kashe inji in ya ga haɗari, ba tare da ya jira kowa ba. Aikin kowa da kowa, ba na kowa ba ne.

A sayi littafin rubutu na 'yan makaranta. A ja layi huɗu: kwanan wata, abin da aka gani, wanda zai gyara, ranar da aka gyara. Ga misali:

3 ga Maris. Babu raga a kan bel na inji na biyu. Wakili zai mayar. An mayar 3 ga Maris.

Kullum da safe, a duba raga tana wurinta, ƙofofi ba a toshe ba, ƙasa ba mai ba ruwa, jarkokin mai suna nesa da wuta.

Kowane sati, a share ƙura da buntu da ƙaiƙayi, don suna saurin kama wuta. A yayyafa ruwa kafin shara. A duba wayoyin lantarki ko ɓera ya ci su.

Kowane wata, a buɗe akwatin taimakon farko a cika abin da ya ƙare. A duba tukunyar kashe gobara, kibiyar agogonta ta tsaya a kan kore. A cika bokitan yashi. A tara ma'aikata minti goma a tambaye su, "Me kuka gani da ke ba ku tsoro?" A saurare su, kada a yi musu tsawa.

Kowace shekara, a kai tukunyar kashe gobara ga masu gyaranta. A kira gwanin lantarki ya duba waya. A je ofishin ƙwadago a tambaya ko akwai sabuwar doka. Don kada a manta, a riƙe 28 ga Afrilu. Tun 2003 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya take tunawa da wannan rana don kiyaye lafiya a wurin aiki. A 2023 ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa kowace shekara saboda aikinsu. Mafi yawansu kuwa ba haɗarin farat ɗaya ke kashe su ba, cuta ce mai ci a hankali. Saboda haka kada a raina ƙura, kada a raina ƙara. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai ya ji ka, ƙarar wurin ta isa ta ɓata kunne, a nemi abin toshe kunne.

7. IN HAƊARI YA AUKU

Da farko a kashe inji, ko a yanke wutar lantarki. Kada a taɓa wanda lantarki ya kama da hannu, a yi amfani da busasshen itace.

In jini ne, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun ko ƙafar sama, a tafi asibiti. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko baƙin mai.

In ƙuna ce, a riƙa zuba ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20. Kada a shafa manja, ko ɗanyen ƙwai, ko kashin shanu.

In magani ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa, a tafi asibiti da kwalbar maganin don likita ya karanta.

In fetur ko lantarki ya kama wuta, kada a zuba ruwa. A yi amfani da yashi ko tukunyar kashe gobara. In wuta ta fi ƙarfi, kowa ya fita. Kaya ana sake saye, rai ba a sayensa.

A rubuta lambar wayar asibiti da ta direba mafi kusa a bango, da manyan baƙaƙe.

8. KAI MA'AIKACI, KAI MAIGIDA

Kai ma'aikaci, kai ma akwai naka. Kada ka zo gaban inji da babbar riga ko rawani mai lilo. Ke mai kawo niƙa, tattara mayafinki, ki tsaya baya, ki riƙe yaronki. Kada ka mayar da bel inji yana gudu. Mai walda, tabarau na rana ba ya kare ido, sai baƙin gilashin walda. Kada ka sa wuta a tankin da ya taɓa ɗaukar mai sai gwani ya wanke shi ya tabbatar. In an ba ka takunkumi, sa shi a hanci, ba a wuya ba. In ka ga ɓarna, faɗa. Wannan ba tsegumi ba ne, ceton rai ne.

Kai kuma maigida, mun san abin da za ka ce. Za ka ce, "Ba kuɗi." To, duba abin da muka lissafa. Mayar da raga, da kawar da buhu daga ƙofa, da koya wa sabon yaro, da bokitin yashi, da littafi guda, nawa ne kuɗinsu? Wani kuma zai ce, "Abin da Allah ya ƙaddara ba makawa." Gaskiya ne. Amma kai da kanka kana kulle shagonka da dare, kana ɗaure akuyarka da damina. Yadda kake tsare dukiyarka, haka za ka tsare 'ya'yan mutane da aka ba ka amana. Da safe suka zo maka da yatsu goma, da yamma su koma gida da yatsu goma.

Ba a fafa gora ranar tafiya. Wanda ke shirin ƙara inji bana, ya fara shirin kiyayewa tun yau.

SABABBIN KALMOMI

Masana'anta, sufeto, rajista, diyya, asusu, dalma, kariya, takunkumi.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa aka kwatanta dokokin kiyayewa da rigar yaro?
2. Faɗi kurakurai huɗu da aka yi a gidan mai inji.
3. Ta yaya dalma ta kai ga yara a ƙauyukan Zamfara?
4. Cikin kwana nawa ma'aikaci zai sanar da rauninsa? Maigidan aiki fa?
5. Faɗi lokatai biyar da ake sake dubawa.
6. Don me ba a zuba ruwa a wutar fetur?

AIKIN RUBUTU DA LISSAFI

1. Rubuta wannan da manyan baƙaƙe, yadda za a iya liƙa shi a bango: KASHE INJI KAFIN KA TAƁA BEL.
2. Wani mai gidan burodi yana da ma'aikata 12, kowanne yana karɓar naira 50,000 a wata. Nawa ne jimlar albashi? Nawa ne kashi 1 cikin 100?
3. Ku rabu uku-uku. Ku nemi izinin wani mai inji ko mai walda na garinku, ku zaga wurinsa cikin ladabi. Ku rubuta abu uku masu kyau da kuka gani, da abu uku masu son gyara. Ku fara gaya masa masu kyaun, sa'an nan ku kawo takardarku aji mu karanta tare.